Yadda waƙafi biyu za su rage wa Ɗantata 'ya'ya

Idan ka san Koki a cikin birnin Kano, ka san zuri'ar Alhassan Ɗantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955. To, dubi waɗannan jimloli biyu na Turanci:

Dantata's son Aminu was a businessman.
Dantata's son, Aminu, was a businessman.

Kalmomin ɗaya ne, amma ma'anar ta bambanta. Ta farko tana cewa: a cikin 'ya'yan Ɗantata, Aminu ake nufi. Ta biyu kuwa tana nuna ɗa namiji ɗaya tak gare shi. Ka ga ke nan waƙafi biyu sun share Ahmadu da Sanusi da sauransu.

Sunan wannan tsari a nahawun Turanci appositive: suna, ko yankin suna, da ke zuwa dab da wani sunan don ya sake bayyana shi. Mu ma muna da shi. In ka ce "Kano, cibiyar kasuwanci, ta cika maƙil", ai Kano da cibiyar kasuwanci abu ɗaya ne.

Ga ƙa'idar. Cire bayanin, ka sake karantawa. In har yanzu an san wanda ake nufi, bayanin ƙari ne, sai ka sa waƙafi gabansa da bayansa: Aliko Dangote's mother, Mariya, is Sanusi Dantata's daughter. Mahaifiya ɗaya ce, ko babu sunanta ba a ruɗe ba. In kuwa cirewar ta sa mai karatu tambayar "wanne?", to kar ka sa waƙafi.

Shi ya sa mai mata ɗaya zai rubuta my wife, Hauwa, amma mai mata biyu ya rubuta my wife Hauwa. In ya kuskure, a takarda dai ya manta da ɗayar!

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗewa da waƙafi a manta rufewa: Koki, a ward in Kano is busy. Dole a sa na biyun bayan Kano, sai dai in aya ce ta zo ta rufe jimlar.

Ko jarrabawar WAEC kake shiri, ko kundin digiri, ko takardar rabon gado ce da Turanci, kafin ka ɗiga waƙafi tambayi kanka: mutum nawa ne za su iya amsa wannan sunan?