Amfanin Gangara da Layin Shafa Wajen Neman Mafi Yawa a Kalkulas

Manufar wannan 'yar takarda ita ce nuna yadda gangarar layi ke warware matsalolin neman mafi yawa ko mafi ƙaranci a lissafin kalkulas. Na zaɓi batun ne saboda ɗalibanmu da dama sun haddace cewa ana daidaita gangara da sifiri, amma in aka tambaye su dalili sai su yi zuru.

Layin shafa shi ne miƙaƙƙen layin da ke taɓa lanƙwasasshen layi a wani ɗigo, yana bin alƙiblarsa a wurin. A kifa ƙwarya, a ɗora mata sanda. A gefe sandar takan karkata, amma a ƙoli sai ta kwanta daidai, watau gangararta ta zama sifiri. Masanin Faransa Pierre de Fermat ya yi aiki da irin wannan dabara tun shekarun 1630, sa'an nan Leibniz ya buga ƙa'idojinta a 1684.

Alal misali, ga manomi da darni mai tsawon mita 100, yana son kewaye lambu mai kusurwa huɗu a bakin kogi. Kogin ya tsare masa gefe ɗaya, saura uku. In faɗin lambun x ne, tsawonsa zai zama 100 − 2x, girman filin kuwa 100x − 2x². Gangarar layin shafa a kan zanen wannan girma ita ce 100 − 4x. Inda x yake 10, gangara 60 ce, filin na ƙaruwa. Inda yake 40, ta koma −60, filin na raguwa. Sai a 25 ne sandar ke kwantawa. Saboda haka faɗi mita 25, tsawo mita 50, fili murabba'in mita 1,250. Da manomin ya raba darnin gida uku daidai, kamar yadda yawancinmu za mu yi da ka, da bai wuce 1,111 da 'yan kai ba.

Sai dai fa kwanciyar sanda ba kullum take nufin ƙoli ba, domin a gindin kwari ma takan kwanta. A zanen y = x³ kuwa gangara sifiri ce inda x yake 0, alhali layin bai daina hawa ba. A ganina wajibi ne malami ya sa ɗalibi ya duba alamar gangara hagu da dama da ɗigon kafin ya karɓi amsarsa.