Tsohuwar Takardar Kuɗi, Kada A Bar Wa Gara

Malamanmu na En'e waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu wajen ƙirgar haraji a baitulmalin Birnin Kebbi da na Argungu, watakila za su yi mamaki in an ce musu ba sarki ne ya fara buga takardar kuɗi a Turai ba. Ɗan kasuwa ne, Johan Palmstruch, mai banki a ƙasar Suwidin. Kuɗinsu na tagulla ya yi nauyi, har akwai wanda ya kusa kilo 20, sai cikin 1661 ya shiga ba mutane takarda a madadinsa. Amma ya buga fiye da abin da ke ajiye. Da jama'a suka zo karɓar tagullarsu, babu. Banki ya karye, shi kuwa aka ɗaure shi. Har yau dai bankuna uku na Sikotilan suna buga tasu.

Wannan nauyi kakanninmu sun san shi. Keso guda wuri zambar 20 ne, ga shi kuwa cikin 1851 Barth ya tarar a Kano sai an ƙirga wuri 2,500 kafin a sami dala ɗaya. Amma takardar da ta iso ƙasar Kabi da Gwandu ba ta attajiri ba ce. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1912, ita ta fito da ita cikin 1916, da hoton itacen kwakwa, da rubutu cikin baƙaƙen Larabci domin masu karatun allo. Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da tasa.

Sa'an nan canji ya yi ta biyo canji: 1965, da 1968 lokacin yaƙin basasa, da 1973 sa'ad da naira ta ture fam da sule, da 1984. Kowane karo akan sami mai tsimi wanda labari bai kai gare shi da wuri ba, tasa ta kwana cikin tulu. To, waɗannan su masu tara tsofaffin kuɗi ke nema, suna duban shekara, da lamba, da sa hannu. Wadda ba a taɓa naɗewa ba ta fi daraja, abin da ke da wuya a ƙasar da ake ƙulle kuɗi a bakin zane.

Mu a ganinmu, wanda ya tsinci irinta cikin adakar mahaifinsa kada ya wanke, kada ya sa dutsen guga. Ya shimfiɗa ta tsakanin takardu busassu, in da hali ya nuna wa ma'aikatan Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar Argungu da aka buɗe wa jama'a cikin 1958. Malamin makaranta kuwa ya fara kai ta aji, yara su gwada karanta baƙin da ke jikinta.