Ba madubi kaɗai ke girgiza kyamara ba

A shekarar 2020 alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, suka nuna cewa kyamarori marasa madubi sun zarce masu madubi a yawan waɗanda ake fitarwa kasuwa. A ƙarshen 2021 kuma shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya ce daga EOS-1D X Mark III kamfaninsa ba zai sake yin babbar kyamara mai madubi ba. Tun daga nan wata magana ta samu gindin zama a bakin masu sayarwa da masu saye: wai hoton DSLR, wato kyamara mai madubi, ba ya fita tangaran saboda madubin da ke bugawa a cikinta. Maganar tana damuna, domin saboda ita mutane ke sakin kayan aiki masu kyau a farashin banza, wasu har su ci bashi su sayi sabo. Alhali laifin ba na madubi ba ne shi kaɗai, kuma kason da ke kansa an san maganinsa tun zamanin Nikon F ta 1959, wadda ta zo da hanyar kulle madubi a sama.

Bugun madubi gaskiya ne, babu mai musu. Idan ka danna maɓallin ɗauka, madubin zai yi tsalle sama ya daki matsayarsa, labulen da ke tare haske ya buɗe kafin jikin kyamarar ya natsu. Kamar tasa ce da aka buga, tana ci gaba da kaɗawa bayan an ɗauke hannu. Sai dai wannan jijjigar ba ta kai sakan guda, saboda haka ɓarnarta a ƙunci take. A gudun labule na 1/1000 na sakan an gama ɗauka kafin motsin ya yi nisa. A ɗaukar sakan goma kuwa, ɗan lokacin da kyamarar ta yi tana rawa bai taka kara ya karya ba. Inda abin ke cizo shi ne tsakanin 1/60 zuwa rabin sakan, musamman wajajen 1/15, inda kusan dukan lokacin ɗaukar ke faɗawa cikin jijjigar.

To me ya sa ƙorafin ya yi yawa a 'yan shekarun nan, ga shi madubi mai komawa da kansa yana cikin kyamara tun Asahiflex IIb ta 1954? A ganina amsar tana wajen ƙanƙancewar fiksel. Nikon D700 ta 2008 megafiksel 12 gare ta, faɗin kowane fiksel kusan maikiron 8.5. Da D800 ta fito a 2012 da megafiksel 36 a kan sensa mai girma iri ɗaya, fiksel ya koma maikiron 4.9. Ka ɗora mata gilashi mai zuƙowa na milimita 400, to karkatar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba ta isa ta tura hoto daga wannan fiksel zuwa maƙwabcinsa. Motsin bai ƙaru ba. Da ma yana nan, tsohuwar sensar ce ba ta iya ganinsa. Idan aka wanke hotunan biyu a kan takarda mai girma ɗaya, na D800 ba zai kasa na D700 ba. Mai kyamarar ne ke buɗe hoto a kwamfuta ya zuƙo shi har ƙarshe, ya ga dishi-dishi, ransa ya ɓaci don bai samu abin da ya biya kuɗi a kansa ba.

Kamfanonin sun san da haka. Nikon ta fitar da ɗan littafin jagora na musamman ga masu D800, tana ba su shawarar amfani da ƙafa-uku da ɗage madubi. A D810 ta 2014 ta sake fasalin madubi da labule, ta ƙara buɗe ɗauka ta hanyar lantarki ba tare da labulen farko ya motsa ba. Canon kuma a 5DS ta 2015, mai megafiksel 50, ta sa ƙaramin inji ya riƙa rage wa madubin gudu kafin ya kai sama, ta ƙarfafa gindin da ake ɗaurawa a ƙafa-uku, ta ba da zaɓin jinkiri tsakanin ɗage madubi da buɗe labule.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce Sony A7R ta 2013. Ba ta da madubi ko kaɗan, amma ta yi suna wajen jijjiga da dogon gilashi, musamman a kusa da 1/100. Labulenta sai ya rufe sannan ya buɗe kafin kowane hoto, jikinta kuma ba nauyi da zai shanye bugun. Masu wasu kyamarorin Olympus marasa madubi ma sun yi irin wannan kuka har kamfanin ya fitar da gyaran manhaja. A wajen Sony kuwa, sai a A7R II ta 2015, da aka sa buɗe ɗauka ta lantarki, abin ya lafa.

Masu goyon bayan sabon yayi suna da abin faɗa, kuma zan ba su. Kyamara irin Nikon Z9 ta 2021 ba madubi ba labule, babu bugun da za a ji a cikinta, kuma mai bin tsuntsu ko ɗan ƙwallo ba zai iya kulle madubi ba tunda tagar leƙawarsa za ta yi duhu. Amma irin wannan kyamarar tsadarta ta fi ƙarfin yawancin masu sana'a. A masu araha, ɗaukar lantarki zalla tana lanƙwasa abin da ke gudu, tana kuma zana layi-layi a ƙarƙashin wasu fitilun LED.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin DSLR ɗin da ake saki a Turai da Amurka su ne ke zuwa kasuwanninmu a matsayin na hannu. Mai hoton biki da ke riƙe kyamara a hannu yana harba filasha ba ruwansa da kulle madubi. Rawar hannunsa da motsin amarya sun ninka bugun madubi nesa ba kusa ba, hasken filasha kuma yana tsayar da su. Wanda abin ya kama shi ne mai ɗaukar kayan talla, ko zobe da sarƙa a kusa-kusa, ko wata da daddare, ko shafukan tsofaffin littattafan ajami da ake son kowane ɗigo ya fito. Shi ma sau da yawa ƙafa-ukunsa ce babbar matsala: siririya, an zaro sandar tsakiyarta sama, an ɗaura jikin kyamara an bar dogon gilashi yana lilo a gaba. A irin wannan hali ko iska da yatsan da ke danna maɓalli sun isa su ɓata aiki.

Gwajin da zai nuna ko laifin madubi ne ba ya cin ko kwabo. A manna shafin jarida a bango, a ɗauke shi a 1/15 da dogon gilashi yadda aka saba. A sake ɗauka da madubi a kulle, da rimot ko jinkirin sakan biyu. Mai Canon, tun daga 40D ta 2007, yana iya ɗauka ta allon baya, inda madubi ke sama kuma buɗewar ta lantarki ce. Idan haruffan sun fito tar a hoto na biyu, kyamarar lafiyarta lau. Idan duka biyun sun yi hazo-hazo, sai a duba ƙafa-uku da saitin gilashi kafin a nemi mai saye.