Kwale-kwalen Madarunfa da ilimin da ake koyo a bakin teku

Duk wanda ya san kasuwar Maraɗi ya san kifin Madarunfa. Tarwaɗa da karfasa, ɗanye ko banda, mata ne ke sarinsa a bakin tafki su kai gari, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya. Tafkin ya shahara da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi, inda jama'a ke tururuwar ziyara, kuma a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. To amma abin da ya sa muka ɗauko alƙalami yau shi ne kwale-kwalen da ke ɗauko kifin nan, wanda ba kasafai ake tambayar nauyin da zai iya ɗauka ba sai bayan ta'asa ta auku.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumba na 2017 wani jirgin ruwa da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Gaya zuwa kasuwar Lolo ta jihar Kebbi ya kife a kogin Kwara, aka tsamo gawarwaki fiye da 30. A ƙarshen Nuwamba na 2021 kuma aka yi na Bagwai a jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu da rahama. A duka biyun abin da aka fi ambata shi ne lodi ya yi yawa. Kuma a lura, waɗanda ke cikin irin waɗannan jirage galibi masu zuwa cin kasuwa ne da mata da yara.

Sanin iyakar lodin jirgi ilimi ne mai zaman kansa da ake karanta shi a jami'a, wato fannin zayyana jiragen ruwa da sarrafa injinansu. Masu wannan sana'a suna da manyan ƙungiyoyi, irin su RINA da aka kafa a Landan a 1860 da SNAME ta Amurka da aka kafa a 1893, kuma ɗalibai na shiga cikinsu tun suna makaranta. A jami'o'i da dama ɗaliban kan kafa reshensu, su gayyato ƙwararru su yi musu lacca, su ziyarci wuraren ƙera jirage, su shiga gasar zayyana. A nan yankinmu akwai makarantar ARSTM ta Abijan wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa, har da Nijar, sai jami'ar harkokin teku ta Akara a Gana, da makarantar Oron ta jihar Akwa Ibom a Najeriya.

Wani zai ce mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Ai kuwa da ruwanmu. Shinkafa da atamfa da kayan gyaran babur da ke jibge a shagunan Maraɗi, akasarinsu jirgin ruwa ne ya sauke su a Kwatano ko Lome kafin mota ta ɗauko. Sannan bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, fatake da fasinjoji da yawa sun koma ƙetare kogi tsakanin Gaya da Malanbil a cikin kwale-kwale, da kayansu niƙi-niƙi.

Darasin farko da ɗaliban nan ke koya, duk mai auna hatsi zai gane shi. Jirgi yana nutsawa ne daidai gwargwadon ruwan da nauyinsa ya ture. Ruwan da zai cika ramin da ke da mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a zurfi, nauyinsa kilo 1000 ne, wato buhu 10 na gero mai kilo 100. Mu ɗauki misalin kwale-kwale mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1 a tsakiya, mai tsukakken kai da gindi. Duk buhu 4 zuwa 5 da aka ƙara masa, zai ƙara nutsawa da kamar santimita 10, bai kai rabin taƙi ba. Ke nan idan abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi taƙi ɗaya ne, mutum 7 ko 8 da aka ce su matsa su shiga sun cinye kusan rabinsa. Saura iska ta taso.

Darasi na biyu ya fi wannan muhimmanci a ganinmu, domin shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Wurin da aka aza kaya yana da tasiri kamar yawan kayan. Buhunan da aka shimfiɗa a ƙasan jirgi suna ƙara masa zama daram, waɗanda aka tula sama kuwa, aka kuma zauna a kansu, su ne ke sa ya riƙa tangaɗi. Haka idan fasinjoji suka miƙe tsaye lokaci guda, ko suka rugo gefe ɗaya don tsoro. Shi kuma ruwan da ke yoyo ya taru a ciki, da zarar jirgi ya ɗan karkata sai ya kwararo gefen da ya karkata ya ƙara danna shi. Shi ya sa yaron da ke kwarfe ruwa da ƙwarya aikinsa bai gaza na mai tuƙi ba.

Turawa ma sun sha wannan masifa. A Ingila wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka kan masu jirage da ke cika lodi don riba, har a 1876 aka yi dokar da ta tilasta zana alama a jikin jirgi. Har gobe manyan jiragen da ke ɗauko hajojinmu suna ɗauke da wannan layi, kuma idan ruwa ya rufe shi an karya doka. Akwai ma layi daban na ruwan daɗi, saboda ruwan gishiri ya fi nauyi, ya fi tallafar jirgi.

Masassaƙanmu da masuntanmu ba jahilan ruwa ba ne. Sarkin ruwa ya san lokacin da tafki ke cika da damina, ya san inda yashi ya cike, ya san iskar da ba a fita a cikinta, abin da ba a rubuce yake a littafin kowace jami'a ba. Abin da babu shi ne awo a rubuce da alamar da fasinja zai gani da idonsa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo tana nan Maraɗi da ɗaliban kimiyya da fasaha, kuma lissafin da muka kawo a sama bai fi ƙarfin ɗan ajin farko ba. Ƙungiyar ɗalibai ƙwaya ɗaya, da igiyar awo da gwangwanin fenti da izinin shugabannin masunta, za ta iya bin jiragen Madarunfa ɗaya bayan ɗaya ta gwada su da buhunan yashi, ta ja musu layi, ta rubuta adadin mutanen da kowane zai ɗauka.

Kafin a kai ga haka, ke uwargida mai sarin kifi ko mai zuwa ziyara da yara, kafin ki sa ƙafa ki duba tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgin, ki duba ko kaya a ƙasa suke ko a tule, ki kuma tambayi rigar ruwa. Idan an ce babu, kuma jirgin ya riga ya zauna, ki jira sawu na gaba.