Time Bandits: Tsohon Fim Ko Sabon Shiri, Wanne Za A Bar Wa Yara?

Fim ɗin Time Bandits na 1981 ya ƙare ne da wani yaro ɗan shekara 11, mai suna Kevin, tsaye a ƙofar gidansu da gobara ta cinye. Iyayensa sun tsinci wani baƙin dunƙule a cikin na'urar gasa abinci, yaron yana ta ihu kada su taɓa domin ragowar Mugu ce, wato babban maƙiyin labarin, suka yi kunnen uwar shegu da shi, suka kai hannu, nan take suka tarwatse. Shi ke nan, aka rufe fim. Babu wanda ya zo ya rungumi Kevin, babu wanda ya ce masa mafarki yake yi. Terry Gilliam, wanda ya ba da umarni kuma ya rubuta labarin tare da Michael Palin, ya yi hakan ne da gangan, kuma a Amurka an ba fim ɗin shaidar PG, wadda ke nufin yara na iya kallo da kulawar iyaye.

Bayan shekara 43, a ranar 24 ga Yulin 2024, Apple TV+ ta fito da sabon shiri mai kashi 10 a kan wannan labari, aikin Jemaine Clement da Iain Morris da Taika Waititi. Ƙashin bayan labarin bai sauya ba: yaro ɗan Ingila mai son tarihi, wanda iyayensa ba su da lokacinsa, ya faɗa hannun wasu ɓarayi da suka sace taswirar ƙofofin da ke ratsa zamunna, suna tsallakawa daga wannan ƙarni zuwa wancan suna neman abin sata. A nan ma iyayen ba su tsira ba. Tun a farkon shirin wata aljana mai suna Fianna ta mayar da su gawayi. Sai dai inda aka ajiye musibar ya sauya komai. Gilliam ya sa ta a ƙarshe, inda babu sauran dabara. Su kuwa masu sabon shirin sun sa ta a farko, suka mayar da ita dalilin tafiyar: Kevin yana neman hanyar komawa baya ya ceto su. Yaron da ke kallo yana da abin da zai riƙe, wato fatan cewa za a gyara. Ga ɗan shekara takwas ko tara da zai kwanta bayan an kashe talabijin, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ta fuskar tsoro, sabon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mugun da David Warner ya fito a matsayinsa a 1981 yana fasa yaransa don sun yi masa tambaya, kuma fadarsa duhu ce ta gaske, da kejuna rataye a kan rami marar iyaka. Mugun Clement kuwa barkwancinsa ya rinjayi muguntarsa, ana yi masa dariya fiye da yadda ake jin tsoronsa. Lisa Kudrow, wadda ke jagorantar ɓarayin a matsayin Penelope tana kuma musun cewa ita ce shugaba, ta jawo shirin zuwa raha ta cacar baki. Wannan raha ma tana da nata cikas, domin yawancinta a cikin magana take, irin shaguɓen Turawan Ingila, kuma ƙaramin yaro zai bar rabinta a hanya.

Tarihi ne wurin da sabon shirin ya yi wa tsohon fintinkau. Gilliam bai damu da koyarwa ba. Napoliyonsa mutum ne da gajartarsa ta dame shi, Robin Hood na John Cleese ɗan gayu ne mai gaisawa da talakawa kamar ɗan siyasa, sai Agamemnon na Sean Connery wanda shi kaɗai ya nuna wa Kevin ƙaunar uba. Kusan duka Turai ce. Sabon ya faɗaɗa taswirar: Stonehenge, dokin katakon Troy, daular Maya, Harlem a zamanin haramcin giya, zamanin ƙanƙara, har da kashi guda sukutum a kan Mansa Musa, sarkin Mali da ya tafi aikin hajji a 1324 ya yi rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Ɓarayi sun gamu da mutumin da kyautarsa ta fi ƙarfin satarsu. Yaron da ya saba ganin ana fara tarihin duniya daga Girka a ƙare a Landan zai ga sarkin Afirka ta Yamma a tsakiyar labari, ana girmama shi. Wannan kaɗai ya isa a yaba.

To, amma akwai abin da duka biyun suka yi tarayya a kai, kuma shi ne shaidar PG ba ta aunawa. Mai taswirar da aka sace, a cikin labarin, shi ne wanda ya halicci duniya. A fim ɗin 1981 ya fara bayyana a matsayin ƙaton kai mai haske, daga baya Ralph Richardson ya fito a matsayinsa, dattijo cikin kwat kamar manajan banki, yana sa a share wuri bayan yaƙi. Da Kevin ya tambaye shi dalilin wanzuwar mugunta, sai ya ba da amsa a tsaitsaye, ya jingina ta da 'yancin zaɓi, kamar shi ma bai tabbata ba. A sabon shirin Waititi da kansa ya hau wannan matsayi, ya mayar da shi mai ji da kai, abin dariya. Masu tantance finafinai a Amurka suna ƙirga zagi da jini da tsiraici. Siffanta Mahalicci da surar mutum, balle a yi wasa da shi, ba ya cikin lissafinsu. A gidan Musulmi kuwa wannan ya fi duk dodannin fim ɗin nauyi, kuma Kiristoci da yawa ma ba za su so 'ya'yansu su saba da shi ba. Ba abu ne da za a tsallake da rimot ba, domin a kansa aka gina labarin. Sabon shirin ma ya fi daɗewa a kai, tunda kashi 10 ne ba sa'o'i biyu ba, kuma laushinsa ya sa abin ya fi saurin shiga. Tsohon yana tsoratar da yaro har ya ja da baya, sabon yana sa shi dariya ya matso.

Saboda haka idan tsoro kaɗai za a duba, shirin 2024 ya dace da ɗan shekara goma zuwa sama, fim ɗin 1981 kuma a bar wa matasa waɗanda za su gane cewa Gilliam yana zolayar iyayen da kayan lantarki da gasar talabijin suka ɗauke wa hankali ne. Idan kuwa aƙida za a sa a gaba, babu ɗayansu da za a miƙa wa yaro a waya a fita. Uban da ya ga kashin Mansa Musa ya burge shi gara ya fara kallonsa shi kaɗai, sannan ya yanke shawara. Ya kuma sani cewa an soke shirin a Satumban 2024 bayan zango ɗaya, don haka yaron da ya shaƙu da Kevin ba zai samu ci gaba ba.