Bindigar Aljihu: Kafin Ka Saya, Tsaya Ka Ji

'Yan'uwa fatake da dillalai da masu gida, na nan Libreville da na kan hanya. A zaman da muka yi bayan Babbar Sallah, da aka gama lissafin raguna da bashin da ya maƙale a hannun mahauta, sai wani daga cikin matasanmu ya miƙe ya ce shi fa ya gaji da tafiya da miliyoyin sefa a ɗamara ba tare da abin kare kai ba, don haka yana roƙon manya su gaya masa wace irin ƙaramar bindiga ce ta fi aminci. Nan take wuri ya kaure. Wannan ya ce libarba, wancan ya ce Glock, wani kuma ya ce shi dai ta tsofaffin sojoji ya sani, mai tauraro a mariƙi. Da muka ga yawancinmu jiyau ne, sai muka ɗauki alkawarin za mu bincika mu rubuto. To ga shi Allah ya nufa.

Ba mu raina tsoron yaron nan ba. Duk wanda ya taɓa loda shanu a Gaundare, ya bi su a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sake ɗora su a tirela ta Ebolowa da Ambam, ya ƙetare kogin Ntem ya shigo Bitam da Oyem, ya san dajin da ke tsakanin Mitzic da Ndjole ba wurin da mutum zai so mota ta mace masa da dare ba ne. Masu sayowa daga can Adamawa da iyakar Cadi kuwa sun san 'yan kwanta-kwanta, waɗanda mutanen wurin ke kira zargina, da masu sace makiyaya don karɓar fansa.

Amma akwai abin da muka gani da idonmu, shekarun baya. Wani abokin tafiyarmu ya hau saman tirela don ya tayar da wani bijimi da ya kwanta, yana sunkuyawa bindigar da ke aljihun rigarsa ta zame ta daki ƙarfen mota, ta tashi. Harsashin ya sami yaron mota a cinya. Yaron ya rayu, amma har yau da ɗingishi yake tafiya. Mai bindigar ya share watanni a tsare, shanunsa suka rame a hannun mutane, aka sayar da su a wulaƙance. A duk wannan labari babu ɗan fashi ko ɗaya.

DOKA TUKUNA

Kafin a yi maganar ƙira, a san matsayin hukuma. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da lasisi daga shugaban ƙasa, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Kamaru ta sabunta tata dokar a Disamba 2016. Gabon ma sai da izinin hukuma. Daɗin daɗawa, ƙasashen tsakiyar Afirka, har da Gabon da Kamaru da Cadi, sun ƙulla yarjejeniyar Kinshasa a 2010 don hana yawon ƙananan makamai, ta fara aiki a 2017, kamar yadda ECOWAS ta yi tata a Abuja a 2006. Abin da falke zai riƙe shi ne, takardar izinin wata ƙasa ba ta ƙetare iyaka da kai. Jandarman da ya tsayar da kai a shingen Bitam ba ruwansa da hatimin Yawunde ko na Abuja.

To me ya sa za mu yi bayanin ƙira? Saboda a cikinmu akwai masu izini na halal, akwai masu ɗaukar 'yan rakiya, akwai kuma wanda zai tsinci kansa a gaban mota kusa da mai bindiga. Gara kowa ya san irin macijin da ke cikin jakar maƙwabcinsa.

KUNAMA IRI UKU

Kowace ƙaramar bindiga tana tashi ne in wani tsinke ya daki gindin harsashi. Bambancinsu yana wajen aikin da kunama ke yi kafin tsinken ya kai.

Ta farko ita ce kunama mai aiki ɗaya. A nan sai an ɗana gudumar baya tukuna, aikin kunama kawai ta sake ta. Saboda haka tana da laushi ƙwarai, nauyin kilo 2 ko kusa da haka ya isa. Tana da daɗin saiti, amma in an ɗana ta, ɗan firgita ko tuntuɓe ya isa a yi ɓarna.

Ta biyu mai aiki biyu ce. Jan kunamar shi ke ɗaga gudumar, shi ne kuma ke sakinta, don haka jan yana da tsawo da nauyi, wajen kilo 5. Da wuya ta tashi don an ɗan shafe ta. Aibinta shi ne wanda bai saba ba hannunsa kan karkace, ya nufi gabas harsashi ya yi arewa.

Ta uku ita ce ta zamani wadda ba ta da guduma a waje, tsinken na ciki a kan waya mai naɗi, rabinsa a ɗane. Nauyin janta yawanci wajen kilo 2 da rabi ne, kuma da yawansu ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa.

LIBARBA

Mu fara da takwarorinmu na Amurka, makiyayan nan da ake kira kaboyi. Libarbar Colt ta 1873 da suka yi suna da ita mai aiki ɗaya ce, mai ɗaukar harsashi 6. Amma masu hankalinsu 5 suke sawa, su bar gurbin da ke ƙarƙashin guduma fayau, domin sun san in ta faɗi ko sirdi ya buge ta, tashi za ta yi. Sai a 1973 kamfanin Ruger ya fito da sabuwar ƙira mai wani ɗan ƙarfe a tsakani, wanda ba ya bari dukan guduma ya isa ga tsinke sai an ja kunama har ƙarshe. Libarbar yau mai aiki biyu da ke da irin wannan kariya tana cikin waɗanda suka fi wuyar tashi da kansu, kuma in ka buɗe tulunta za ka ga abin da ke ciki da idonka. Sai dai tsohuwa da sabuwa kama suke a ido, wanda ba gwani ba ba zai bambance ba.

FISTOL MAI MAGAZIN

Wadda ɗan'uwanmu ya ce mai tauraro, ita ce Tokarev ta Tarayyar Sobiyat, ƙirar 1933, wadda Sinawa ma suka kwaikwaya. A asalin ƙirarta ba ta da makulli sam, sai wani ɗan tsani da guduma ke tsayawa a rabin hanya, wanda in ya cinye da tsufa ba abin dogaro ba ne. Makarov da ta gaje ta a 1951 ta fi ta natsuwa, domin harbin farko mai aiki biyu ne, kuma tana da makullin da ke sauke guduma ya kulle. Amma bayan harbin farko kunamar kan koma mai laushi, a nan ne mai ruɗewa kan ƙara na biyu ba da niyya ba. Browning ta Beljiyam, ƙirar 1935 mai harsashi 13, mai aiki ɗaya ce da makulli, kuma an yi ta yadda in an zare magazin ba za ta tashi ba.

Wannan batu na magazin a kula da shi, domin ya kashe mutane da yawa. A mafi yawan fistol, zare magazin ba ya fitar da harsashin da ya riga ya shiga maƙogwaro. Mutum zai zare, ya ce ai babu komai, ya miƙa wa aboki ya gani, sai salati.

Glock kuwa, wadda sojojin Ostiriya suka ɗauka a farkon shekarun 1980, tana da kariya uku a cikinta, kuma an san ta da rashin tashi in ta faɗi. Amma duk kariyar nan uku suna janyewa ne da zarar an ja kunama, kuma bindiga ba ta san bambancin yatsa da zariyar wando ba. Ga shi kuma kafin a kwance ta don gogewa sai an ja kunamar, wanda ya manta da harsashin maƙogwaro ya harbi kansa. Saboda irin wannan ne 'yan sandan birnin New York suka daɗe suna ƙara wa tasu kunamar nauyi har fiye da kilo 5, sai a 2021 suka fara sassauta wa sababbin ɗauka, domin nauyin yana ɓata saiti. Kun ga ke nan ko su ba su sami wadda ba ta da aibi ba.

Kada kuma sunan kamfani ya ruɗe mu. A 2015 kamfanin Taurus na Barazil ya yi sulhu a wata kotun Amurka kan bindigogi kusan miliyan ɗaya da aka yi ƙarar suna iya tashi in sun faɗi, ko da yake bai amsa laifi ba. A 2017, shekarar da sojan Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320, aka gano ta kasuwa na iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe gyara kyauta. In wannan ya faru da masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji, ina ga ƙirar maƙera ta bayan gari, wadda ba wanda ya gwada ƙarfenta? Ita wannan ba ma sa ta a lissafi, domin tana iya fashewa a hannun mai ita.

TO WACCE CE TA FI?

In dai maganar tashi ba da niyya ba ce, a fahimtarmu libarbar zamani mai aiki biyu ita ce kan gaba ga wanda ba soja ba, sai fistol mai aiki biyu da makulli. Mai tsinken ciki ta dace da wanda ya sami horo kuma yake da kube mai tauri da ya rufe kunama ruf. Tsofaffi masu aiki ɗaya da ƙirar gida su ne a ƙarshe.

Amma jama'a mu dubi kanmu. Aljihun babbar rigarmu akwai carbi, akwai makullai, akwai goro da waya. Muna hawa tirela muna tsalle, muna kokawa da ƙaho, muna kwana mu goma a ɗakin mai gida, yara na shiga suna fita. Babu bindigar da aka ƙera don irin wannan zama. Wanda doka ta ba shi izini, to ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada ya nuna bakinta ga mutum ko da wasa, yatsansa ya nisanci kunama, a gida kuma ya kulle ta wuri guda, harsashi wani wurin daban.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa an hana nuna wa ɗan'uwa makami, kuma kisan kuskure ba ya tafiya a banza: akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1000, ga kaffarar azumin wata 2 a jere. Mu da muka san kuɗin dabba, kowa ya buga lissafin raƙuma 100 ya ga ko jarinsa zai ɗauka.

Shawarar da za mu ba yaronmu ita ce, abin da ɗan fashi ke bi shi ne kuɗin ɗamara, to a rage shi. Sefar Gabon da ta Kamaru da ta Cadi ɗaya ce, ana iya turawa ta banki ko ta waya mutum ya karɓa a can. A yi tafiya cikin ayari, a daina shiga daji bayan magariba, a daina faɗin ranar tashi a bainar kara. In kuwa tsautsayi ya gitta aka tare ka, ba su, domin mai tare hanya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma abin da ke hannunsa ya fi na aljihunka. Dukiya ana mayar da ita.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, ƙofa a buɗe take, ya aiko wa sakataren ƙungiya. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, amin.