Lete: Tsibirin Da Ya Kusa Haɗa Nijar Da Dahome Yaƙi

Tsibirin Lete bai taka kara ya karya ba. Fili ne mai tsawon kusan kilomita 16 a tsakiyar Kogin Kwara, inda Fulani ke kiwon shanu idan ruwa ya ja baya, manoman tsallake kuma su yi shuka. Amma a kansa ne Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, suka kusa ba hammata iska, shekara uku kacal da samun mulkin kai.

Abin mamakin shi ne babu maƙwabtan da suka kai su buƙatar juna. Nijar ba ta da teku. Wani kaso na gyaɗar Maraɗi da Damagaram yakan bi mota ya tsallake gadar Gaya zuwa Faraku a Dahome, jirgin ƙasa ya kai shi bakin teku a Kwatano. Dahome kuwa ilimin boko ya riga ya yi nisa a can, don haka Faransawa suka cika ofisoshin Yamai da akawunanta da malamanta. Tun 1959 ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar Antant da Houphouët-Boigny na Ivory Coast ya kafa, suna kuma da hukumar sufuri ta haɗin gwiwa.

A ganina matsalar ba ta taswira ba ce kawai, ko da yake Turawan sun bar iyakar kogin a dagule. Zumuncin ne aka ɗora a kan shugabanni, ba a kan doka ba. Diori Hamani na Nijar da Hubert Maga na Dahome aminai ne. Da Kanar Soglo ya kifar da Maga a Oktoban 1963, sai igiyar ta tsinke. Kafin shekarar ta ƙare Nijar ta kori 'yan Dahome da ke mata aiki, abin da ya yi wa matasan da ke hangen kujerunsu daɗi. Dahome ta rama da toshe hanyar Kwatano, aka girke sojoji a bakin kogi. Duk abin da ya haɗa su a jiya, kowa ya mayar da shi bulala. Wanda ya sha dukan kuwa shi ne malamin makarantar da ya ɗaure tabarmarsa da tukwanensa cikin 'yan kwanaki, da ɗan kasuwar da buhunansa suka maƙale a hanya.

A 1965 aka sasanta a Yamusukuro ta Ivory Coast, cewa mutanen ɓangarorin biyu su ci gaba da cin moriyar tsibirin. Ɗage magana aka yi, ba kashe ta ba. Sai a Yulin 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar Lete, ta raba sauran tsibiran tsakaninsu.

Hukuncin bai warware batun hanya ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufe gadar Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, a ɓangaren Benin, fasinjoji suka koma tsallake kogin da kwalekwale.